Kwatanta Kundin Gadon Ƙwayoyin Cuta Masu Tantani Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Zazzabin cizon sauro da ciwon barci da sammoren dabbobi cututtuka ne da ƙasar Hausa ta daɗe da saninsu. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 zazzabin cizon sauro ya kashe mutane kimanin 597,000, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na mamatan 'yan Nijeriya ne. Ciwon barci kuwa shi ya sa a ƙarshen shekarun 1930 aka soma aikin tayar da jama'ar Anchau a ƙasar Zazzau, aka gina musu sabon gari mai suna Takalafiya, domin a raba su da ƙudan tsando.

Abin da ya haɗa waɗannan cututtuka shi ne, ƙwayoyin da ke jawo su ba bakteriya ba ne, ba kuma bairas ba. Wasu halittu ne masu tantani ɗaya tak, waɗanda tsarin jikinsu ya fi kusa da na mutum fiye da na bakteriya. Sabili da haka samar musu magani yake da wuya, domin abin da zai kashe su sau da yawa yakan taɓa majinyacin. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda masana suka jera kundin gadon waɗannan ƙwayoyi suka kwatanta, da darasin da kwatancen ya bayar. Darasin a taƙaice shi ne: abin da ƙwayoyin suka yi tarayya a kai shi ne abin da rayuwarsu ta dogara da shi, nan ake neman magani, inda suka sha bamban kuwa nan kowace ta ɓoye dabarar da take kuɓuce wa garkuwar jiki.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a tsayar da ma'anar kalmomin da za a yi amfani da su.

Tantani shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da ake gina jikin kowane mai rai da shi. A cikin tantani akwai wani dogon zare na sinadari wanda ke ɗauke da umarnin yadda halitta za ta ginu, ta rayu, ta hayayyafa. An rubuta umarnin da sinadarai huɗu waɗanda masana suke yi wa alama da haruffan A da C da G da T. Jerin haruffan da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, shi za a kira kalmar gado. Zaren ba a sake yake ba, an naɗe shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli za a kira shi dami. Jimillar damman da halitta ta gada, da dukan abin da ke rubuce cikinsu, shi ne kundin gado. Alal misali, kundin gadon ɗan Adam yana da haruffa kimanin biliyan 3, a cikin dami 23 da mutum ke gada daga uwa da 23 daga uba, kalmomin gadonsa masu ƙera furotin kuwa kimanin 20,000 ne.

Ƙwayoyin cuta huɗu za a fi ambata. Ta farko Falasmodiyam falsifarum, mai jawo zazzabin cizon sauro mafi muni. Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar wannan zazzabi a jinin majinyaci a Aljeriya cikin 1880. Ta biyu Tirifanosoma burusi, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga dabbobi. Ta uku Tirifanosoma kuruzi, mai jawo cutar Shagas a Kudancin Amurka, wadda Carlos Chagas ya bayyana a Barazil cikin 1909. Wani ƙwaro mai shan jini da dare kamar kuɗin cizo ne ke yaɗa ta. Ta huɗu Lishmaniya, wadda wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba ke yaɗawa. Wani irinta yana jawo gyambo a fata, wani kuma yana jawo kala-azar, cutar da ke kumbura saifa, wadda ta addabi yankin Gadarif na Sudan, inda Hausawa da yawa suke zaune.

3.0 Yadda Ake Yin Kwatancen

Ɗalibin harshe ba baƙo ba ne ga wannan hanyar bincike. Ba a gane dangantakar Hausa da Bolanci da Ngizimanci da Badanci da kallon Hausa ita kaɗai. Sai an jera kalmomin harsunan, a ware waɗanda aka gada daga tushe ɗaya, a ware na aro, a kuma ware waɗanda kowane harshe ya ƙirƙira bayan rabuwa. An lura cewa kalmomin ƙidaya da na sassan jiki suna jure wa zamani, alhali kalmomin sutura da na kasuwa suna saurin sauyawa.

Haka masanin kundin gado yake aiki. Da farko ana karanta zaren gado guntu-guntu, sa'an nan kwamfuta ta harhaɗa guntayen har a sami jerin haruffan kowane dami. Daga nan sai a gano inda kowace kalmar gado ta fara da inda ta ƙare. Bayan haka a ɗauki kowace kalma ta wannan ƙwaya a nemi takwararta a kundin waccan. Tambayoyi uku ake yi: wace kalma ce ke akwai a duka? Wace ce ta keɓanta ga ƙwaya ɗaya? Kuma shin kalmomin suna nan a jere yadda aka gada, ko an sauya musu wuri? Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ginshiƙin wannan ilmi.

4.0 'Yan Uwa Uku

A watan Yuli na 2005 mujallar Science ta buga kundin gadon Tirifanosoma burusi da Tirifanosoma kuruzi da wata Lishmaniya mai jawo gyambo, tare da maƙalar da ta kwatanta su. Aikin haɗin gwiwa ne na cibiyoyi da dama, cikinsu har da Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila, da wasu a Amurka da Suwidin. An sami kalmomin gado kimanin 9,000 a kundin ƙwayar ciwon barci, a cikin manyan dammai 11. Kimanin 8,300 a na Lishmaniya, a cikin dammai 36. Da kimanin 12,000 a na ƙwayar cutar Shagas.

4.1 Abin da suka yi tarayya a kai

A zahiri waɗannan ƙwayoyi uku sun yi hannun riga. Ƙwarin da ke ɗauke da su daban-daban ne, cututtukansu daban-daban, kuma kakanninsu sun rabu tun shekaru miliyan ɗaruruwa da suka wuce. Amma da aka jera kundayen, sai aka tarar da kalmomin gado kimanin 6,200 waɗanda dukansu ukun suka mallaka. Daɗin daɗawa, akasarin waɗannan kalmomi suna nan a jere iri ɗaya a tsakiyar damman, kamar littafi guda da magabata uku suka kwafa, kowa ya raba shi juzu'i-juzu'i yadda ya ga dama, amma jerin babobin bai rikice ba.

Waɗannan kalmomi na tarayya su ne masu kula da cin abinci da samar da ƙarfi da rarrabuwar tantani. Wasu daga cikin hanyoyin da suke gudanarwa babu irinsu a jikin mutum. Misali, ƙwayoyin ukun suna sarrafa sukari a cikin wani keɓaɓɓen ɗaki da ke cikin tantaninsu, suna kuma kare kansu daga guba da wani sinadari mai suna tirifanotayon, wanda jikin ɗan Adam ba ya ƙerawa. Duk abin da ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da shi, mutum kuwa ba shi da irinsa, to nan ne makasarta.

4.2 Inda suka rabu

Kama da wane ba ta wane. Kimanin kashi 32 cikin 100 na kalmomin ƙwayar cutar Shagas nata ne ita kaɗai, haka kashi 26 na ƙwayar ciwon barci, da kashi 12 na Lishmaniya. Mafi yawan waɗannan keɓaɓɓun kalmomi na ƙera rigar da ƙwayar ke sanyawa a bayan tantaninta ne, kuma da yawansu sun taru ne a bakin damman, inda zaren gado ya fi saurin karyewa da musanya. Kowace riga ta dace da mazaunin mai ita.

Ƙwayar ciwon barci a fili take yawo cikin jini, gaban garkuwar jiki. Dabararta ita ce ta lulluɓe kanta da furotin iri ɗaya, guda kimanin miliyan 10. Kafin garkuwar jiki ta gama shirya makamin da zai gane wannan riga, wasu daga cikin ƙwayoyin sun tuɓe ta sun sanya wata. Dalili ke nan da zazzabin ciwon barci yake sauka ya sake tashi. Binciken 2005 ya duba kalmomin wannan riga 806, ya tarar kimanin kashi 7 cikin 100 ne kawai cikakku, akasarin sauran kuwa nakasassu ne ko gutsattsari. Daga baya aka fahimci cewa gutsattsarin ba shara ba ne, ƙyallaye ne da ƙwayar ke harhaɗawa ta ɗinka sabuwar riga da jiki bai taɓa gani ba. Wannan ya bayyana abin da ya sa har yanzu ba a sami allurar rigakafin ciwon barci ba.

Ƙwayar cutar Shagas kuwa shiga take yi cikin tantanin mutum, musamman na tsokar zuciya, ta kuma fito ta shiga wani. Ita ba ta sauya riga ɗaya bayan ɗaya. Riguna iri-iri take sanyawa lokaci guda don ta rikita garkuwar jiki. Akwai dangin kalmomi guda a kundinta mai mambobi fiye da 1,000, kuma kusan rabin kundin maimaici ne. Ita kuwa Lishmaniya a cikin tantanin garkuwar jiki da kansa take ɓuya, watau ɓarawon da ya tare a gidan dogari, saboda haka ba ta bukatar tarin riguna, kuma bakin dammanta ba su cika da su ba.

5.0 Ƙwayar Zazzabin Cizon Sauro

Falasmodiyam ba dangin waɗancan ukun ba ce, amma darasin bai sauya ba. An soma karanta kundinta a 1996, aka buga sakamakon a mujallar Nature a watan Oktoba na 2002. Yana da haruffa kimanin miliyan 23, dammai 14, da kalmomin gado kimanin 5,300. Kashi 80 cikin 100 na haruffan A ne da T, abin da ya wahalar da karatun ƙwarai. Kimanin kashi 60 cikin 100 na kalmomin ba a sami takwarorinsu a wata halitta da aka sani a lokacin ba. A nan ma an tarar da kalmomin yaudarar garkuwar jiki, guda kimanin 60, akasarinsu a bakin damman. Su ne ke ƙera furotin da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a jikin ƙananan jijiyoyi, abin da ke kai yaro ga suma idan ya faru a ƙwaƙwalwa.

Kwatance da wasu halittu ya fito da asirai biyu na asalin wannan ƙwaya. Na farko, a 1996 aka tabbatar cewa tana ɗauke da wani ɗan ɗaki mai nasa ƙaramin kundi na haruffa kimanin 35,000, wanda ya yi kama da ɗakin da tsirrai ke sarrafa abinci da hasken rana. Bayanin masana shi ne, wani kakan ƙwayar ya haɗiye gansakukar ruwa, ya riƙe ta a cikinsa, har ta zama sashen jikinsa. Na biyu, a 2010 aka kwatanta ƙwayoyin da aka samu a kashin manyan birai na dazuzzukan tsakiyar Afirka da ta mutane, sai aka ga ta mutane reshe ce daga wadda ke jikin gorila. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kalmar gadon da ƙwayar ke buɗe jajayen ƙwayoyin jinin mutum da ita, arota kakanta ya yi daga wata ƙwayar ta gorila, kamar yadda Hausa ta ari "alƙali" daga Larabci har ta zama 'yar gida.

6.0 Amfanin Kwatancen

6.1 Neman magani

Da aka san cewa ƙwayar zazzabin cizon sauro tana da sashe mai asalin tsiro, sai aka gane dalilin da wasu magungunan bakteriya, irin su doksisaikilin, suke kashe ta sannu a hankali. A 1999 wasu masana a Jamus suka binciki ɓangaren kundin da aka riga aka karanta, suka gano wata hanyar ƙera sinadari wadda tsirrai da bakteriya ke bi, mutum kuwa ba ya bi. Akwai wani tsohon magani mai suna fosmidomaisin da ke toshe wannan hanya. Da aka gwada shi a kan majinyata a Gabon da Tailan ya kawar da ƙwayar daga jini, amma zazzabin yakan dawo wa da yawansu, don haka bai shiga cikin magungunan asibiti ba.

A ɓangaren 'yan uwa uku, a 2016 masanan kamfanin Novartis suka gwada sinadarai kimanin miliyan 3, suka sami guda da ya warkar da ɓeraye daga cututtukan uku duka. Don su san inda yake kama ƙwayar, sai suka karanta kundin ƙwayoyin da suka bijire masa suka kwatanta da na asali. Bambancin ya faɗa kan injin da ke niƙa tsofaffin furotin a cikin tantani, wanda siffarsa kusan ɗaya ce a ƙwayoyin ukun, ta kuma bambanta da ta mutum. Muhimmancin irin wannan nema zai fito fili idan aka tuna cewa melasofurol, maganin ciwon barci da aka soma amfani da shi a 1949, yana ɗauke da gubar asinik, kuma yakan kashe kimanin mutum 1 cikin 20 na waɗanda aka yi wa allurarsa.

6.2 Bin sawun bijirewa magani

Ana kuma kwatanta ƙwayoyi na iri ɗaya. Kulorokwin ya yi shekaru yana ceton rayuka, har ƙwayar ta bijire masa, Nijeriya ta koma ga haɗin magunguna masu atemisinin a 2005. A shekarar 2000 aka gano kalmar gadon da ta jawo bijirewar, a dami na 7, kuma kwatance ya nuna cewa nau'in da ya mamaye Afirka daga kudu maso gabashin Asiya ya taso.

Da atemisinin ya soma jinkirin aiki a Kambodiya, masanan Cibiyar Pasteur da abokan aikinsu suka yi amfani da wata ƙwaya 'yar asalin Tanzaniya da aka shafe shekaru 5 ana ba ta maganin a ɗakin bincike har ta saba da shi. Suka kwatanta kundinta da na 'yar uwarta da ba a ba maganin ba, suka kuma duba ƙwayoyin majinyatan Kambodiya. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna wata kalma a dami na 13. Da wannan alama aka gane ɓullar bijirewar a Ruwanda a 2020, da Yuganda a 2021, kuma kwatance ya nuna cewa a Afirka ta tsiro, ba daga Asiya aka kawo ta ba. Haka nan an gano ƙwayoyin da suka zubar da kalmar gadon da gwajin jini na gaggawa ke nema, da farko a Peru cikin 2010, daga baya a Eritiriya, inda dole aka sauya kayan gwajin. Majinyaci yana fama da zazzabi, gwaji ya ce lafiyarsa lau.

6.3 Ciwon barci da sammore

A madubin likita ba a iya rarrabe ƙwayar da ke kama shanu kaɗai da wadda ke kama mutum. Jinin ɗan Adam yana da wani furotin da ke fasa ta dabbobi. Da aka karanta kundin nau'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 2010, sai aka ga ya yi daidai da na dabbobi da fiye da kashi 99 cikin 100 a cikin kalmomin gado. A 2013 aka nuna cewa wata keɓaɓɓiyar kalma guda tana cikin abin da ke ba shi ikon jure wa jinin mutum. Nau'in Afirka ta Gabas kuwa da wata kalmar daban yake yin haka. Da waɗannan kalmomi ake tantance nau'in da ke jikin mutum ko dabba ko ƙudan tsando, wanda ya zama wajibi ga ƙasashen da ke son tabbatar da cewa cutar ta kau. Masu ciwon barci da aka ƙidaya a duniya sun sauka ƙasa da 1,000 a 2018, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Gana a 2023, da Cadi a 2024, sun kawar da shi daga cikin matsalolin lafiyar jama'a.

Sammore kuwa yana nan yana rage wa makiyaya dukiya, shi ya sa cibiyar bincikensa da ke Kaduna da Vom ba ta rasa aiki ba. A 2021 masanan Cibiyar Sanger suka tace kundin Tirifanosoma baibas, ɗaya daga cikin manyan masu jawo sammore a Afirka ta Yamma, suna neman furotin na bayan tantani wanda ba ya sauyawa. Suka sami guda a jikin wutsiyar ƙwayar, allurar da aka haɗa da shi ta kare ɓeraye. Ɓera ba saniya ba ne, amma binciken ya raunana tsohon zato na cewa ba za a taɓa yi wa dangin wannan ƙwaya rigakafi ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kundin gadon ƙwayar cuta kashi biyu ne: tsakiya mai riƙe da gadon kakanni, wadda ba ta cika sauyawa ba, da baki mai yawan sauyi, inda ake ɗinka rigunan yaudara. Ba a iya ganin wannan rabo da duban kundi ɗaya, sai an jera shi da na 'yan uwa. Sai dai labarin fosmidomaisin ya isa gargaɗi cewa sanin makasa daban, samun makami daban. Tsakanin ɗakin bincike da gadon asibiti akwai shekaru da kuɗi masu yawa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Uwar da gwaji ya ce ɗanta ba shi da zazzabi alhali jikinsa na zafi, da makiyayin da maganin sammore ya daina yi wa shanunsa aiki, suna da hakkin a yi musu bayanin dalili da harshen da suke ji. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su kundin gado da dami da kalmar gado, shawara ce da ke jiran gyaran masana harshe da likitoci, domin ilmin da ba shi da suna a harshen jama'a ba ya isa gare su.